Dakwarar Lido da Batun Mayar da Daji a Ƙasar Arewa

Gabatarwa

Tun 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a Nijar. Rabin ƙarni ke nan ana haƙa rami, a farke leda, a sa dashe, a ba shi ruwa a gaban jama'a. Da duk abin da aka dasa a waɗannan shekaru ya rayu, da matafiyi daga Dosso zuwa Dogon Dutsi bai ga rana ba sai ya sauka daga mota. Hanyar kuwa tana nan, kowa ya san yadda take.

Tambayar da wannan takarda ta ɗauko ita ce: a wane irin wuri ne gandun itacen da aka dasa da hannu yake iya mayar da daji, a ina ne kuma yake zama asarar kuɗi da gumi? Za a nemi amsar a ƙaramar hukumar Guéchémé, cikin gundumar Tibiri ta jihar Dosso, a ƙasar Arewa ta Arawa da Gubawa. A nan ne ƙauyen Lido yake, ɗaya daga cikin wuraren da aka yi babban dashen dakwara da nufin raya mataccen fili, a samu ƙaro, a kuma sayar wa duniya iskar kabon da itatuwan suka zuƙe.

Ƙasar da ake magana a kanta

Guéchémé tana da mutum sama da 100,000 a ƙidayar 2012, ba ta kuma da nisa da iyakar jihar Kebbi. Mai son fahimtar itatuwanta sai ya fara da Dallol Mauri, tsohon kwarin kogi da ya daina gudu tun zamanin da, wanda ya ratso Dogon Dutsi da Tibiri ya gangara Gaya. A cikin kwarin ruwa na kusa, rijiya ba ta da zurfi, gawo da goriba da gawasa na samun abin sha ko da rani. A gefensa akwai jigawa, gonakin gero da wake da gyaɗa da gujiya. Sama da su sai tudun marmara, mai tsakuwa da jar ƙasa.

A kan irin wannan tudu na yammacin Nijar akwai wani daji mai ban sha'awa. Geza da sabara da taramniya kan tsiro layi-layi, tsakanin kowane layi da na gaba akwai fili fetal. Filin nan yana da aikinsa: ruwan da ya sauka a kansa ba ya nutsewa, sai ya gangara ya taru a gindin layin itatuwa, ta haka layin ke shan ruwan da ya fi abin da sama ta zubo masa. Idan masu itacen girki suka sare layin, dabbobi suka tattake abin da ya rage, ganye ya daina zuba, gara ta ƙaura, ƙasar ta yi ɓawo ta rufe. Wannan shi ne fako. Ruwan da a da itatuwa ke sha yanzu yakan kwararo da ƙarfi, ya yanka kwazazzabo, ya kwaso yashi ya zuba a gonakin ƙasa da fadama. Manomin kwari na biyan bashin abin da aka sare a tudu, ko da bai taɓa ɗaga gatari a can ba.

Ruwan shekara a nan bai cika kai milimita 700 ba, a wata uku zuwa huɗu yake zuba. Saboda haka dajin da ake son mayarwa daji ne na ƙasa mai dogon rani, wanda ba ya kama da kurmin Kwango. Duk da haka darasin da aka koya a kurmi yana da abin da zai gaya wa mutumin Arewa.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Tsohon misali yana Barazil. A ƙarni na 19 gonakin kofi sun cinye duwatsun da ke kewaye da birnin Rio de Janeiro, maɓuɓɓugan ruwan birnin suka fara ƙafewa. A 1861 Sarki Pedro na Biyu ya sa a mayar da itatuwa, aka ɗora aikin a kan Manjo Manuel Gomes Archer. Shi da 'yan ma'aikata ƙalilan, cikinsu har da bayi, suka dasa itace kusan 100,000 a shekara goma sha wani abu, iri daban-daban, akasari na ƙasar. Dajin Tijuca na yau ya fi abin da suka dasa yawa nesa ba kusa ba, domin da inuwa ta samu, tsuntsaye da iska suka ɗauki sauran aikin.

A Jami'ar Chiang Mai ta ƙasar Tailan, wani sashen bincike da aka kafa a 1994 ya mayar da wannan dabara tsari. Ana zaɓen iri 20 zuwa 30 na itatuwan gida masu saurin girma, masu inuwar da za ta danne ciyawa, masu fure da 'ya'yan da tsuntsu da jemage ke so. Cikin 'yan shekaru sai a ga gomman iri da ba wanda ya dasa sun tsiro a ƙarƙashi. A wajen waɗannan masana, nasarar gandu ita ce yawan baƙin tsiron da ya shigo da kansa.

Amma galibin abin da gwamnatoci ke kira mayar da daji wani abu ne daban. A 2011 aka ƙaddamar da alkawarin Bonn, wanda daga baya aka ɗaga burinsa zuwa hekta miliyan 350 kafin 2030, Nijar ma ta yi alkawarin hekta miliyan 3.2. A 2019 Simon Lewis da abokan aikinsa suka duba alkawuran ƙasashe a mujallar Nature, suka tarar kashi 45 cikin ɗari na filin da aka ambata gandun itace iri ɗaya za a yi a kansa, irin su turare da roba, waɗanda za a sare a sayar. Sun ƙiyasta cewa dajin da ya farfaɗo da kansa na riƙe kabon ninki 40 na abin da irin wannan gandu ke riƙewa. Gandun turare sana'a ce mai kyau ga mai neman katako, sai dai kiransa daji yaudarar kai ce.

Yadda Nijar ta sha wuya kafin ta koya

Dokar gandun daji ta Faransa ta 1935, da ta Nijar ta 1974 da ta gaje ta, sun sa muhimman itatuwa a hannun hukuma, ko da a tsakiyar gonar mutum suka tsiro. Manomin da ya sassabe reshen gawon gonarsa yana iya shan tara. Me zai sa ya bar tsiro ya girma ya jawo masa ɗan gandun daji? Sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Malaman gona na lokacin ma suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas.

Da farin 1973 ya zo, sannan na 1984 wanda mutane suka laƙaba wa El Buhari, kuɗin agaji ya kwararo, aka buɗe wuraren renon dashe ko'ina. A wasu wurare har da katafila aka ture sabara da geza don a dasa turare da dogon yaro a layi. Wasu masu bincike sun ƙiyasta cewa an dasa itace miliyan 60 cikin shekara 12, abin da ya rayu bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Dashe na isowa a makare, damina ta kusa ɗaukewa. Saiwarsa ta nannaɗe cikin leda. Gara na jiransa, akuya na jiransa, ga wata takwas na rani. Uwa uba, ba na kowa ba ne.

Akwai inda dashe ya yi kyau, kuma ya kamata a faɗa. A kwarin Majiya, ƙasar Buza, tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka dasa dogon yaro layi biyu-biyu, tazarar mita 100 tsakanin shinge da shinge, don kare gonaki daga iska. Ruwan ƙasa na kusa, an sa masu gadi, manoma kuma sun ga hatsinsu ya ƙaru. A Keita, daga 1984, aikin da Italiya da hukumar FAO suka tallafa ya dasa miliyoyin itatuwa a kan tuddai, amma sai da aka fara tare ruwa da duwatsu da ramuka. A gefe guda kuma ga koren zoben itatuwan da ke kewaye da Yamai da aka fara a 1965, wanda gine-gine da shara suka ci babban ɓangarensa.

Babban sauyi daga gona ya fito. A 1983, a ƙasar Maraɗi, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM, ya lura cewa 'yan kurarrajin ganyen da ake sassabewa kowace bazara tohon kututture ne masu rai, da saiwa mai zurfi da ta daɗe a ƙasa. Manomi ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, ya rage musu rassan ƙasa, shi ke nan. Mutane suka kira wannan aiki sassabin zamani, ko da yake tsofaffi da dama sun san shi tun kafin a ba shi suna. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, binciken Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou ya nuna kusan hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a jihohin Maraɗi da Damagaram, itace wajen miliyan 200, ba tare da leda ko ɗaya ba. Jihar Dosso ma ta ga irin wannan tunani a shekarun 1980, lokacin da wani shiri da ake kira aikin Gawo ya riƙa ƙarfafa wa manoma gwiwa su kare ƙananan gawon da suka tsiro a gonakinsu.

Ganin haka wasu suka yanke hukunci cewa dashe ya tashi aiki. Sun yi gaggawa. Sassabin zamani na bukatar kututture mai rai ko irin da ke kwance a ƙasa. A kan fako babu ko ɗaya.

Lido

Daga 2006, a ƙarƙashin shirin gwamnati na ayyukan al'umma da Bankin Duniya ya tallafa wa, aka fara dasa dakwara a lalatattun filayen ƙauyuka a jihohi daban-daban, cikinsu har da Lido. Zaɓen dakwara yana da hujja. Itaciyar gida ce, tana jure fari, dangin wake ce mai gyara ƙasa, akuya da raƙumi na cin ganyenta da kwanson 'ya'yanta, ƙaronta kuma na da kasuwa. Shi ne ƙaron da malam ke sa wa tawada don ta kama allo, shi ne kuma kamfanonin lemon kwalba da alewa da magunguna ke saye daga Sudan da Chadi da Nijeriya.

Aikin raya fako da rani yake farawa, da diga da shebur. Ana auna gangaren fili, a zana rabin wata mai faɗin mita 2 zuwa 4, bakinsa na kallon inda ruwa ke fitowa. A fasa ɓawon ƙasar da ke cikinsa, a tara ƙasar a bayansa ta zama kunya. Layi na biyu ana gocar da shi, yadda ruwan da ya kuɓuce tsakanin rabin wata biyu zai faɗa cikin na ƙasa. Hekta guda na cin 300 zuwa 600, gwargwadon girmansu, mai ƙarfi kuma 'yan kaɗan yake gamawa a yini, domin diga tsalle take yi a kan marmara. Kafin ruwa ya sauka iskar bazara ta riga ta zuba yashi da tarkacen ciyawa da kashin dabbobi a cikin ramin. Ruwan farko ya kwanta a nan ya nutse. Sai ƙasa ta jiƙu sosai ake sa dashen, a yayyafa irin ciyawa a gefensa.

Abin da ya fi faranta ran mai lura a irin waɗannan wurare shi ne ciyawa, wadda kan dawo tun daminar farko ko ta biyu, itacen bai kai gwiwa ba. Gara na biye da tarkace, ta huda ƙasa, ruwa ya ƙara samun hanya. Da dakwara ta yi rassa, tsuntsaye sun samu wurin sauka, suna kuma sauke irin abin da suka ci a wani wuri. Akuyar da ta ci magarya ko aduwa ita ma tana shuka ba da saninta ba. Abin da ya faru a Tijuca ke nan, sai dai a nan tafiyar hawainiya yake yi.

Ƙaro kuwa sai an yi haƙuri. Itaciyar kan kai shekara huɗu zuwa biyar kafin a fara tsaga ta. Bayan damina, ganye ya fara zuba, ana ɗaye siririn ɓawo a reshe, a jira 'yan makonni ƙaron ya fito ya daskare, a riƙa zagayowa ana tsinka. A Sudan, inda sana'ar ta fi kafuwa, matsakaicin abin da itaciya ke bayarwa a shekara bai wuce rubu'in kilo ba. Wanda bai iya tsaga ba yana iya kashe reshen, wanda kuma bai yi sammako ba yara da masu kiwo sun riga shi.

Sai batun kuɗin kabon. A farkon 2020 Bankin Duniya ya sanar cewa al'ummu 26 na wannan shiri sun samu biyan farko, dala 450,000, a kan hekta 7,200 na dakwara a faɗin ƙasar. Abin alfahari ne, domin shi ne irinsa na farko a Nijar. Amma a yi lissafi. Dala 60 da 'yan kai ke nan a hekta, bayan jiran sama da shekara 13, wato ƙasa da dala 5 a hekta a shekara. Ɗaurin ciyawa kaɗan a kasuwar bazara sun fi haka. Kirarin giginya ne ya dace da wannan ciniki, na nesa ka sha inuwarki: kabon ya amfani duniya, mai diga kuwa abin da ya riƙe shi tsawon shekarun nan shi ne ladan aikin haƙa, da ciyawa, da ƙaro, da ragowar ruwan da ya daina yi masa ɓarna a gona. Duk shirin da aka gina a kan alkawarin kuɗin kabon kaɗai, masu gadinsa za su watse kafin kuɗin ya iso.

Fili na wa, itace na wa

A takardun shiri ana rubuta fako a matsayin filin da aka yi watsi da shi. Makiyayi ba zai yarda da wannan ba. Tudun nan ne dabbobi ke hawa da damina don su kauce wa shuka, ta nan burtali ya bi. Idan aka killace shi shekara uku ko huɗu don dashe ya tashi, dole a faɗi inda garke zai nufa, a kuma faɗi rabon makiyayi a ciyawar da za ta fito. Da zarar fili ya yi kore kuma, sai a ji wani ya tuna kakansa ya taɓa noma a wurin. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, dokar kiwo ta 2010 ta amince da 'yancin zirga-zirgar makiyaya. Zaman da za a yi da hakimi da masu gari da ardo da mata masu itacen girki, a rubuta matsayin filin da yadda za a raba amfaninsa, ya kamata ya riga diga sauka.

Ba sai an je nesa neman shaida ba. A ƙasan Dallol Mauri, wajen Gaya, dajin giginya ya sha sara shekara da shekaru yana hannun hukuma, ana fitar da azara, ana tone muruci ba ƙaƙƙautawa. A shekarun 1990, da tallafin Suwizalan, aka miƙa wa ƙauyuka kula da shi tare da ba su rabo a kuɗin da yake kawowa, sai ga mutane na shuka ƙwallon giginya suna gadinsa da kansu. Dokar gandun daji ta 2004 ta bi wannan hanya, sannan a Yulin 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa. Ko labarin wannan doka ya kai kunnen kowane manomi da kowane ɗan gandun daji a Guéchémé, wannan aiki ne na rediyo da masu gari.

Idan aka koma ga tambayar farko, a gonakin jigawa da cikin kwari kuɗin leda ya fi amfani idan aka kashe shi wajen koyar da sassabin zamani da kare gawo da kalgo da ƙirya. Dashe a can sai don cike gurbin irin da ya ɓace har ba shi da uwa a kusa, kamar ɗorawa ko tsamiya ko kanya. Wurin gandu shi ne tudu.

A tudun ma akwai gyara. Gandun dakwara zalla yana da rauni: ƙwaro ɗaya ko faɗuwar farashin ƙaro na iya taɓa shi gaba ɗaya, kuma tsuntsun da ke cin 'ya'yan itace ba ya samun abin da zai kira shi. Idan aka cakuɗa ta da magarya, aduwa, anza, bagaruwa da geza, aka dasa gamba a kan kunya, an ba mata abin tsinka da na saƙar zana, an kuma buɗe wa baƙon tsiro ƙofa. Ba lallai ne a cike fili duka ba. A kudancin Kosta Rika, gwajin Karen Holl da Rakan Zahawi ya nuna cewa dasa itatuwa gungu-gungu, a bar fili a tsakani, na jawo tsiro kusan kamar dasa fili duka, da kuɗi kaɗan. Tudun Arewa da ma haka dajinsa yake, layi da fili, kuma mai cike filin da dashe yana raba wa itatuwa da yawa ruwan da ba zai ishe su ba.

Lokaci kuma na tafiya. Dakwara ba ta da tsawon rai irin na tsamiya, takan yi shekara 25 zuwa 30, ƙaronta na raguwa tun kafin nan. Waɗanda aka dasa daga 2006 za su fara tsufa a shekarun 2030. Rahotannin shiri sun saba ƙirga dashen da aka sa da hektar da aka rufe. Ƙidayar da Lido ke bukata yanzu ita ce ta abin da ba a dasa ba: iri nawa ne suka tsiro a ƙarƙashin dakwara, nawa suka wuce bakin akuya, ƙananan dakwara nawa suka fito daga irin iyayensu. Ɗaliban aikin gona na Jami'ar Abdou Moumouni da ɗaliban Jami'ar Dosso, tare da mutanen ƙauyen da suka san sunan kowane tsiro, suna iya yin ta da igiyar awo da littafi a ƙarshen damina biyu ko uku. Sakamakonta ne zai nuna wa ƙaramar hukuma ko ta fara rage tsofaffin itatuwa don na ƙasa su samu haske, ko kuwa ta tanadi kuɗin sabon dashe.